Gaisuwar Tsaye

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, mahaifina kuwa ya riga mu. Ya cika ranar Laraba da hantsi a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke gefen Dandin Mahe, kafin azahar an kai shi. A duk maganganun da na ji a zaman makokinsa, wannan kaɗai ce ban sami abin gyarawa a cikinta ba.

Ni ce babbar 'yarsa. Ina aure a Bodinga, a can nake koyar da 'yan firamare, kuma ban gaji sanyin bakin Inna ba, nasa na gada. Kwana uku na yi zaune kan tabarma kusa da Inna, mata suna shigowa sahu-sahu, kowace ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Daga nan sai a shiga yabo. Wata ta ce bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Wata ta ce rabin albasar da ke fadamar nan irinsa ce. Duk gaskiya ne. Amma da sun juya za su sa takalmi sai murya ta yi ƙasa, ka ji ana cewa, "Allah dai shi gahwarta mishi abin nan." Ba a kiran sunan abin. Kowa ya san girman kai ake nufi.

Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta fi kowa kuka. Ta yi ta yi har aka riƙe ta aka ba ta ruwa. Ni kuwa ina kallonta ina tuna cewa shekara goma bakin nan ne yake ɗaukar magana daga gidanmu ya kai gidan Baffa, yayansu, ya ɗauko wata ya dawo da ita da ɗuminta. Ita ta fara kiransa Giginya, wai ba ya rusunawa, har sunan ya bi gari. Da ta matso ta rungume ni tana cewa, "Mun yi rashi, ɗiyata," ban ture ta ba, don akwai idon mutane. Ban dai amsa mata ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ba na so a manta da Baba, ba na kuma so a riƙa tuna shi da laifin da ba nasa ba. Nasa ma ya ishe shi, kuma zan faɗe shi, don ban zo shafa masa mai ba.

Baba ba mutum ne mai daɗin zama ba. Manomin albasa ne wanda ya san aikinsa, ya kuma san cewa ya sani. Duk shekara yakan ware kawunan da suka fi kyau ya bar su su yi fure, ya tara irin a tulu ya liƙe bakin. Lokacin yafi ya zo, duk wanda ya tambaya sai ya auna masa da gwangwanin madara, bai taɓa hana kowa ba. Sai dai ba a karɓar irin Baba ba tare da baƙar magana ba. Yakan ce, "Ga shi, tahi ka kashe shi da ruwa awa na bara." Mutum ya karɓa yana dariyar dole. In ka yi masa ƙorafin rana ko tsutsa, amsarsa ɗaya ce: "Gona ba ta jin labari." Ni yakan kira ni Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, amma hakan bai hana shi faɗa mini cewa tuwona bai kai na mai sunan ba.

Gidanmu babban gida ne. Baffa, yayan Baba uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba, shi ne kuma limamin masallacin unguwa. Tun zamanin kakanmu al'adar gidan ita ce bayan sallar magariba ƙanne da 'ya'ya maza su hallara a zauren babba. Kowa ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa, ya yi barka da yini, ya jira a amsa masa, sannan ya miƙe ya koma gefe a ci tuwo a akushi ɗaya. Maƙwabta na zaune, baƙi na zaune. A nan ake gane gidan da ke da babba. Baba ya fi shekara arba'in yana yin wannan ba fashi.

Wata rana cikin rani, lokacin dashe, na zo gida hutun makaranta. La'asar ta yi sanyi Baba bai dawo ba, Inna ta ce in leƙa fadama. Na iske shi tsugune a ƙarshen fangalin albasa, yana cirar ciyawa a wurin da babu ciyawa.

Na ce, "Baba, rana ta kusa hwaɗuwa."

Ya ce, "Ni ba makaho na ba."

Na tsaya, bai tashi ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, duba ko akwai mutum bisa hanya."

"Babu kowa."

"To zo ki kama ni."

Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga. Mutumin da da safen nan na ga ya saɓa injin ban ruwa a kafaɗa, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Ashe tun bayan la'asar yake nan, mutum uku sun wuce sun gaishe shi, yana amsawa yana wasa da ƙasa. Da ya tsaya ya sami numfashi sai ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "In dai ina lumfashi, kinka hwaɗa ma wani, ban yahe miki ba." Wanda ya san nauyin wannan kalma a bakin uba zai san abin da aka ɗora mini. Washegari da asuba ya tashi garau, ya saɓa injinsa ya tafi, har na ɗauka abin ya wuce.

Bai wuce ba. Kullum da safe ƙarfinsa cikakke, yana raguwa yadda rana take raguwa, kafin magariba ya zama wani mutum dabam. Tsoronsa ɗaya ne, kada ya durƙusa a zauren yayansa a gaban jama'a ya kasa tashi, a ɗaga shi kamar buhu. Don haka wani maraice ya je zauren, ya tuɓe takalmi, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya, barka da yini," yana tsaye. Ƙanena yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce Baffa ya dube shi tun daga ƙafa har hula, ya ci gaba da jan carbinsa bai amsa ba.

Daga nan komai na jikin Baba ya zama shaida a kansa. Da yamma fatar idanunsa takan sauko ta rufe rabin ido, sai ya ɗaga haɓa don ya ga mai yi masa magana, aka ce yana kallon mutane ta ƙasan hanci. In ya yi murmushi, gefen bakin ba ya ɗagawa, sai haƙora su fito kamar mai yaƙe, aka ce raini ne. Muƙamuƙinsa yakan gaji kafin ya yi loma biyar, ya tsame hannu daga akushi, aka ce ƙyamar tuwon gidan yayansa yake yi. Sallar asuba yana sahun gaba, amma daga la'asar sai ya yi abinsa a ɗaki a zaune, aka ce ya ƙi bin Baffa salla sai da duhu, lokacin da ba mai gane shi. Gwaggo ta yi ruwa ta yi tsaki a duk wannan, ita ce mai fassara.

Ya yi ƙoƙari sau ɗaya, wannan ina so a rubuta masa. Wata safiya bayan an fito masallaci ya bi Baffa har ƙofar gida, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya miƙe lafiya lau, don safiya ce. Baffa ya ce, "Ashe gwiwar tana lanƙwasa. Gaban mutane na ba ta so." Ya shige gida. Da rana ya aiko Gwaggo ta ce gaisuwar da ba ta da shaida, mai ita ya riƙe abarsa.

Dattawan unguwa sun zo sulhu. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa Baba ya yi haƙuri, ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi. Baba ya ce, "In ka tashi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, suka kaɗe riguna suka fita suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, don kakanmu mutum ne mai sauƙin kai. Aka raba fadamar da suke nomawa tare. Aka ja katanga a tsakiyar gida. Da aka yi wa ƙanena haihuwar fari, Baffa bai zo raɗa suna ba, na'ibinsa ya turo.

Shekara shida ana wannan, kuma a cikin shekara shidan nan ba a sami mutum ɗaya, ɗaya tak, da ya zauna kusa da Baba ya ce, "Wai mi ka damunka?" ba. Baffa da ya goya shi yana yaro bai tambaya ba. Gwaggo da ke shiga ɗakinsa ba sallama ba ta tambaya ba. Wai labarin zuciya a tambayi fuska. Sun tambayi fuska, fuskar ta yi musu ƙarya, suka karɓa hannu biyu don ita ce amsar da ta fi daɗin yaɗawa. Ni kuma da na sani na ja bakina na yi shiru, ina kallon ana cin naman ubana. Inna ta yi ta fama da hayaƙi da rubutu da saiwoyi, tana cewa ko iska ce ko sammu, shi kuma yana sha yana tsaki.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na kai masa fura da yamma, ya kurɓa, ta fito masa ta hanci, ya shaƙe har idanunsa suka juya. Washegari na sa maigidana ya kawo mota. Baba ya kafe kai da fata ba inda za shi. Na ce, "Baba, ko ka shiga motag ga, ko in tahi zauren Bahwa yanzu in hwaɗi komi, ka tsine min in huta." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a miƙo masa hularsa.

Daga asibitin Bodinga aka tura mu wani babba a Sakkwato, wurin likitan jijiya, wani mai furfura wanda Hausarsa ta gabas ce. Ya ɗaga yatsa sama ya ce Baba ya kafa masa ido kada ya ƙifta. Ina tsaye ina gani fatar idon ta riƙa saukowa a hankali har ta rufe. Likitan ya ce yana da zato, amma ba zai ɗora dattijo kan magani da zato ba. Ya sa mana ranar da za mu dawo a yi gwaji da wata na'ura.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, gado ɗaya, kujera biyu, sai na'urar a kan tebur da allonta kamar na talabijin. Aka kwantar da Baba, aka naɗe hannun rigarsa, aka ɗaura masa wani maɗauri mai waya a wuyan hannu. Likitan ya fito da allura siririya, ita ma da waya a gindinta. Baba ya ce, "In allura ta, ku yi min ita in tahi, ina da ban ruwa."

Likitan ya ce, "Baba, wannan ba ta zuba magani, ba ta kuma ɗibar jini. Saurare take yi."

"Sauraren mi?"

Ya yi mana bayani, kuma na riƙe shi don na sha maimaita wa kaina. Ya ce tsoka sili-sili ce kamar zaren saƙa, kowace jijiya tana da nata silin da take aika wa saƙo, in saƙon ya isa sai silin ya amsa da ɗan lantarkin da jiki yake yi da kansa. In aka manna abin saurare a kan fata, hayaniyar dukan tsokar za a ji, ba a gane muryar kowa. Ita wannan allurar kuwa, wurin jinta ɗan ɗigo ne a gefenta wanda ido ba ya gani sosai, ba ta jin kowa sai sili ɗaya ko biyu da ke jikinta. Abin da yake nema shi ne sili biyu 'yan jijiya ɗaya, ya ji ko suna amsawa tare.

Ya soka ta a bayan hannun, ƙasa da gwiwar hannu. Baba ko gezau. Likitan ya ce masa ya ɗan ɗaga yatsansa na tsakiya, kaɗan kawai, ya riƙe shi haka. Nan take na'urar ta fara ƙara, tas-tas-tas, kamar ana gugguru. Baba ya zabura ya ce, "Mi na wanga?" Likitan ya ce, "Hannunka ne yake magana." Ya riƙa juya allurar da kan yatsunsa a hankali, idonsa a kan allo, har ƙarar ta tsaya kan murya ɗaya mai kaifi. A allon sai ga tsini biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Ya ce mini, "Malama, kin san lugude?" Na ce na sani. Ya ce mata biyu a turmi ɗaya, in ta farko ta sauke taɓarya, ta biyu tana biye da ita, tazarar ba ta canzawa, shi ya sa ake jin daɗin sautin. A jikin mai lafiya haka silin biyu suke. Ya ce in dubi allo. Tsinin farko yana tsaye cak a wurinsa. Na biyun kuwa rawa yake yi, ya matso, ya ja baya, ya makara, can kuma sai ya ɓace ɗungum, ya sake fitowa. Ya ce duk sanda ya ɓace, saƙo ya zo bakin ƙofa an hana shi shiga.

Ba sau ɗaya aka yi ba. Ya ce sai ya tara biyu-biyu har wajen ashirin kafin ya yanke magana, don kada ya yi wa tsoka duka hukunci da sili biyu. Ya matsar da allura, ya nemo wasu, ya cire ya sake sokawa a gefe. Mun fi awa guda. Yatsan Baba ya riƙa faɗuwa, likitan yana cewa, "Ɗaga kaɗan, Baba," shi kuma yana gaya masa cewa da gona ya riƙe da wannan sanyin hannun da yunwa ta kashe iyalinsa. Likitan ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Can na lura Baba ya daina faɗa. Ya karkato kai, ya sa ɗaya hannun ya ɗage fatar idonsa, yana kallon allo.

Ya ce, "Wancan na biyun, kasala ta ka hana shi zuwa?"

Likitan ya ce, "A'a Baba. Yana so ya zo. Tare shi ake yi."

Ya ce ciwon a mahaɗar jijiya da tsoka yake, jiki ne da kansa yake toshe wurin bisa kuskure. Hutu yana buɗe shi, aiki yana ƙara toshe shi, shi ya sa safiya take da ƙarfi maraice babu. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma hali ba ne. Ba a raba mutum da shi kwata-kwata, amma akwai ƙwayoyin da in ana sha kan lokaci za a yi rayuwa. Ya buga mana takarda mai hoton tsinayen nan ya ba ni.

Muka shiga mota muka wuce Bodinga muka ɗauki hanyar Shagari. Sannan Baba ya ce, a hankali, kamar ba da mu yake ba, "Ashe ba ni na ba." A nan na gane cewa shekara shida na surutun mutane sun shige shi, har shi kansa ya fara zargin ko lalaci ne, ko wani mugun abu ne a zuciyarsa. Na juya fuska wajen taga na yi kukana, ina tsine wa duk bakin da ya kai shi nan.

Maganin ya karɓe shi. Bayan mako biyu na zo duba shi da yamma, ya kira ni da Inna cikin ɗaki ya ce a saki labule. Ya durƙusa har ƙasa, ya miƙe. Ya sake, ya miƙe. Sau uku, ana gab da kiran magariba. Inna ta rufe baki da mayafi tana hamdala. Ni kuwa na ɗauko takalmansa na ajiye a gabansa, na fito da takardar daga jaka, na ce, "Alhamdu lillahi. Tashi mu tahi. Ka gaida Bahwa, ƙanena shi karanta musu wagga, magana ta ƙare yau."

Ya ce, "Mai da takalmin inda kinka ɗauko su."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce, "Shekara shida ina hwaɗuwa cikin ɗakin ga, katanga ɗaya tsakaninmu. Akuyatai in ta yi ɗingishi yana kama ƙahwar ya duba. Ni bai duba ba. Da ban iyawa sunka ce na ƙi. To yanzu ina iyawa, kuma na ƙi. Bari maganassu ta zama gaskiya, kada su shiga wuta don ƙarya."

Ranar muka yi faɗan da ban taɓa yi da shi ba. Na ce masa shi ma bai faɗa ba, ya ƙulle bakina ya ƙulle na Inna, ta ina mutum zai san abin da aka ɓoye masa da rantsuwa? Ya ce ɗan'uwa ba ya jiran a faɗa masa. Na ce, "To Baba, sunan da anka sa maka, yau ka saye shi." Ya nuna mini ƙofa. Ya kuma ƙara da cewa rantsuwar fadama tana nan, ta hau kan takardar ma. Wata biyu ban taka gidan ba, kuma har yau ban ce na yi nadamar abin da na faɗa ba.

Ga laifin Baba, ba na kuma rage masa ko ƙwaya. Shekara huɗu ya yi bayan wannan da ƙarfinsa daidai gwargwado. Ya koma masallaci salla biyar, yana bin Baffa, yana ruku'u yana sujada a gaban kowa, a sallame ya tashi ya wuce ta gaban yayansa ya ce, "Barka da yini," a tsaye, ya sa takalmi. Yanzu kam gari ya sami hujja, Gwaggo har da cewa ai dama ta faɗa. Duk da haka, shekarar da ruwa ya cinye yafin babban ɗan Baffa, Baba ya tumɓuke rabin nasa ya aika masa a kwando, ya ce a gaya masa ya koyi gyara magudana. Likitan nan ma duk kakar albasa sai an kai masa buhu, da saƙon cewa hannunsa ya cika sanyi. Haka yake. Zai ba ka abin hannunsa, amma ba zai ba ka gwiwarsa ba.

Zazzaɓin damina ne ya kama shi, ya sauka a ƙirji, numfashi ya gagara, maganin ya kasa riƙe shi. Da safen da zai cika na durƙusa kusa da kunnensa na ce ya bari in kira Baffa. Ba ya iya magana, amma ya iya girgiza kai, ya kuwa girgiza. Baffa bai shigo gidan ba sai da aka fara kuka. Shi ya yi masa wanka, shi ya sallace shi.

Da maza suka dawo daga maƙabarta maigidana ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ya faru. Wai bayan an rufe, Baffa ya juyo ya ce, "Jama'a ku shaida, abin da ƙanena ya yi min shekara goma, na yahe mishi." Aka yi ta jinjina haƙurin Malam, wasu har da hawaye. Na ji kamar an watsa mini barkono. An binne Baba da laifin, an kuma yi masa alfarmar yafewa a bainar jama'a, yana kwance ba bakin amsawa.

Rantsuwar ta ce in dai yana numfashi. Ranar uku, bayan an shafa addu'a an fara watsewa, da la'asar, na ɗauki takardar na zagaya katanga na yi sallama a zauren Baffa, inda mace ba ta cika shiga ba. Akwai dattawa huɗu ko biyar a zaune. Na yi niyyar yin maganata a tsaye, amma kafin in ankara gwiwoyina sun kai ƙasa da kansu, abin da aka horar da su ke nan, haushin kaina ya ƙara kama ni.

Na ce, "Allah gahwarta Malam, na zaka da saƙon da anka hana ni kawowa."

Na shimfiɗa takardar a kan buzunsa. Na ba shi labarin fadama, da fura, da allura, da tsini biyu. Na gaya masa abin da ya sa ido yake rufewa, da abin da ya sa gwiwa take lanƙwasa da safe ta ƙi da maraice. Ban sassauta murya ba, don ina so na gefe su ji su kai wa Gwaggo. Baffa bai iya boko ba, amma ya ɗauki takardar ya kai ta kusa da ido, ya ɗora yatsa a kan tsinin da ya warwatse.

Ya ce, "Mi ya hana shi hwaɗa min?"

Na ce, "Mi ya hana ka tambaya, Bahwa?"

Wani dattijo ya yi gyaran murya don in shiga hankalina, Baffa ya ɗaga masa hannu. Sannan ya yi tambayar da na yi fatan kada ya yi.

"Yaushe ya samu maganin?"

Da na ce bara, ko na ce bai taɓa yi masa aiki ba, da na wanke Baba tas, ba kuma wanda ya san zancen maganin da zai ƙaryata ni sai Inna da maigidana, su kuwa ba za su yi ba. Amma ba a wanke mamaci da ruwa mai datti. Na ce, "Shekara huɗu. Yana iyawa, ya ƙi."

Baffa ya gyaɗa kai, ya lanƙwasa yatsu yana ƙirgawa kamar mai lissafin raka'a. Ya ce, "To huɗu nashi na, na kuwa yahe su. Shidan hwarko nawa na." Ya ɗago ya dube ni, tsoho mai shekara tamanin, hawaye na bin gemunsa. "Ɗiyata, ke kina wurin har ƙarshe. Bai ce komi ba? Wa ka yahe min shidan nan?"

Na san abin da ake so 'ya ta ce a irin wannan wuri. Duk zauren shi ake jira, in ce ba komai Baffa, ya yafe tun kafin ya cika, a shafa fatiha kowa ya ji sanyi. Ban ji ya faɗa ba. Abin da na gani shi ne ya girgiza kai.

Na ce, "Mai su ya tahi da su, Bahwa."

Na bar masa takardar a kan buzu, na tashi na fita ba tare da an sallame ni ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa huɗunsa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Baffa kuwa, Allah ya ba shi tsawon rai.